Karen Azawak, mai gadin garke

Zancen yau na karen makiyaya ne.

A arewacin Tawa, wajajen Abalak da Cintabaradan, akwai ƙasar da ake kira Azawak. Sunanta ne aka ba wani irin kare na Buzaye da Fulani. Dogo ne, siriri, mai dogayen ƙafafu. Tsayinsa yakan kai santimita 70, amma nauyinsa bai wuce kilo 25 ba. Ana ganin haƙarƙarinsa a fili, har baƙo ya ce yunwa ce. Ba yunwa ba ce, haka halittarsa take.

A Ingila akwai karnukan da ke kora tumaki: makiyayi ya yi fito, kare ya tattaro garke. Na Azawak ba ya wannan aiki. Kora aikin yara ce. Shi nasa gadi ne, da farautar zomo da barewa. Da rana yana kwance a inuwa kamar malalaci. Da dare kuwa, in dila ko kura ta matso kusa da ƴan raguna, shi ke fara jin ta. Ya yi haushi, sauran karnuka su taso, mai gida ya farka. Turawa ma sun ga kyansa, sun fara kai shi ƙasashensu tun wajen 1970.

To, ga inda hatsari yake. Karen da ke faɗa da dila, shi dila ke cizo. Dila kuwa yana ɗaukar ciwon haukan kare. Ciwon yana cikin miyau. Daga dila ya shiga kare, daga kare ya shiga akuya, ko saniya, ko yaron da ke ba shi hura. In alamun ciwon suka bayyana ga mutum, magani ba ya tsai da shi.

Don haka mai kare ya kai shi wajen malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafi, a sake kowace shekara. Karen da ya canza hali, yana dalalar da miyau, yana cizon itace, kada yaro ya kusance shi.

In kare ya ciji mutum, a wanke wurin nan take da ruwa da sabuni har minti 15. Kada a ɗaure ciwon, kada a jira ya kumbura. A tafi likita a ranar, ko da cizon ƙarami ne, ko da karen na gida ne.