A Rage Gudu A Cikin Unguwa

Jawabin da Edita ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci

 

Kwalta alheri ce, amma duk garin da ta ratsa sai an ƙara lura. A bakin titi yaranmu ke wasa, ta nan suke tsallakawa zuwa makaranta, ta nan ake koro dabbobi. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan gudu.

Tunda kun koyi lissafi, bari mu auna. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun kilomita 30 kuwa mita 8 da 'yan kai take ci. Idan yaro ya faɗo titi, direba kan ɗauki wajen daƙiƙa guda kafin ya taka birki. Kun ga wannan tazarar ita ce tsakanin tsira da jana'iza.

Dokar hanya ta Nijeriya ta ce kada ƙaramar mota ta wuce kilomita 50 a cikin gari. Wasu ƙasashe sun ga ko wannan ya yi yawa a unguwa. Birnin Graz na ƙasar Ostiriya ya mayar da titunan unguwanninsa kilomita 30 tun 1992. A 2020 kuma, taron ministocin duniya a ƙasar Suwidin ya ba da shawarar a bi wannan ƙa'ida duk inda mutane da motoci ke cakuɗa.

To, mu me za mu yi? Da farko, a daina jibga ƙasa ko gungumen itace a titi da sunan hana gudu. Da dare ɗan acaɓa ba ya ganinsu, sai gyara ya zama ɓarna. A je ta hannun mai unguwa da dagaci, a rubuta wa ƙaramar hukuma takarda. A roƙi tudun rage gudu mai fenti, da allon gargaɗi kusa da makaranta da kasuwa. Yanzu kun iya rubutu, ba sai kun nemi mai rubuta muku ba.

Direbobi kuma, ku tuna sauri ya haifi nawa. Iyaye, a riƙe hannun ƙananan yara wajen tsallaka titi.

Allah ya kiyaye mu.