Jawabi Kan Barasa Da Tsaron Hanya, A Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiyarmu

Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayenmu mata 'yan kasuwa, direbobi da yaran mota, barkanmu da ganin wannan rana.

An ce in yi magana kan barasa. Na san da yawanmu addini ya riga ya raba mu da ita, amma hanyar da muke bi ba ta rabu da ita ba. Wanda ya ɗauko albasa daga Galmi zuwa Kumasi, ko ya sauke kaya a Kwatano, zai ratsa garuruwan da kowanne ke da al'adarsa. A Kano, Hisba na fasa kwalabe a bainar jama'a. A kudancin Gana kuwa, ana zuba giya a ƙasa wajen addu'ar gargajiya, har a kai wa sarki kwalba a matsayin gaisuwa. A Benin da Togo akwai sodabi, a Gana akpeteshie, a Marwa bilbil.

Don haka idan mai masauki ya miƙo maka kofi, karramawa yake nufi. Yi masa godiya, ka ce ba ka sha, ka nemi ruwa ko lemo. Zagi da yamutsa fuska kan kashe cinikin shekaru. Ku ma 'yan'uwa masu sha, in abokin ciniki ya ƙi, kada ku matsa masa.

Haɗarin kuwa bai san iyaka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Tana cin hanta, tana tayar da hawan jini. Giyar da ake dafawa a ɓoye kan zo da sinadarin metanol, mai makantarwa har ya kashe. A 2015 ya hallaka mutane a jihohin Ondo da Ribas. A 2024 NAFDAC ta sanar da hana giyar leda, irin wadda ake tallanta a tasha.

Direbobi, ku saurara. Hanta ce ke tace barasa daga jini, kuma a hankali take yi. Goro, kofi ko wanka da ruwan sanyi ba sa ƙara mata sauri. Wanda ya raba dare yana sha a Malanbil, da asuba ma idonsa da hannunsa ba su dawo daidai ba, ga tirela cike da dukiyar mutane, ga yaran mota a baya.

Roƙona uku ne. Mai kaya ya duba direbansa kafin a ta da mota. Kada a ƙulla ciniki ko a ƙirga kuɗi a mashaya. In ɗan'uwa ya kamu, a raka shi asibiti cikin rufin asiri, domin wanda ya daɗe yana sha da yawa in ya daina kwatsam zai iya kamuwa da rawar jiki da farfaɗiya.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa mu ga ta baɗi lafiya.