SABABBIN FINA-FINAI DA KIRAN A HALATTA TABAR WIWI: INA MUSULMI YA DOSA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fifita ɗan Adam da hankali, Ya kuma sanya hankalin nan amana a wuyansa. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya jawo wannan lacca shi ne tambayar da wasu matasanmu suka kawo mana bayan karatu. Sun ce a duk lokacin da wani sabon fim ya fito daga Amurka, wanda aka nuna jarumansa suna busa tabar wiwi, sai gardama ta kaure a majalisunsu. Wasu su ce fim nishaɗi ne kawai, a kalla a wuce. Wasu su ce ai Turawan da suka hana mu wiwi su da kansu sun halatta ta, saboda haka lokaci ya yi da mu ma za mu waye. Wasu kuma su ce ganye ne Allah Ya halitta, har magani ake yi da shi. Misalin da suka fi kawowa shi ne fim ɗin tarihin mawaƙin nan na Jamaika, Bob Male, mai suna "Bob Marley: One Love", wanda ya fito a watan Fabrairu na 2024. Mun ga ya wajaba mu amsa musu da ilmi da hujja, domin tsawa kaɗai ba ta kashe shubuha.

YADDA FIM YA SHARE WA DOKA HANYA

Ya ku 'yan'uwa, ita doka ba ta sauyawa sai zukatan mutane sun riga sun sauya. A shekarar 1969, da cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup ta tambayi Amurkawa ko a halatta wiwi, kashi 12 cikin ɗari ne kacal suka yarda. A shekarar 2023 da aka sake yin tambayar, kashi 70 cikin ɗari ne suka yarda. Tsakanin waɗannan shekaru biyu an yi ta fitar da fina-finan barkwanci irin su "Up in Smoke" a 1978, da "Friday" a 1995, da "Pineapple Express" a 2008. A cikinsu duka ana nuna mashayin wiwi a matsayin mutum mai ban dariya, mai sauƙin kai, wanda ba ya cutar da kowa.

Sai doka ta biyo baya. Jihar Kalifoniya ta halatta wiwi don magani a 1996. Jihohin Kolorado da Washinton suka halatta ta don nishaɗi a 2012. Zuwa ƙarshen 2023 jihohi 24 na Amurka sun bi sahu. Ƙasar Yurugwai ta halatta ta a 2013, Kanada a 2018, Jamus kuma ta sassauta dokarta a 2024.

Ba mu ce fim kaɗai ne ya yi wannan aiki ba. Akwai siyasa, akwai kuɗi, akwai ƙungiyoyi. Amma wanda ya ce fim ba ya tasiri, to ya tambayi kamfanonin taba sigari, domin su ba sa zuba kuɗi a rijiya. A 1983 wani kamfanin sigari na Amurka ya ƙulla yarjejeniyar dala 500,000 da ɗan wasan nan da muka fi sani da Rambo, domin ya riƙa amfani da sigarinsu a fina-finai biyar. Abin ya yi ƙamari har sai da aka hana kamfanonin biyan kuɗi don a nuna sigarinsu a fim, a yarjejeniyar da suka yi da jihohin Amurka a 1998. A 2012 kuma rahoton babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar cewa kallon shan taba a fim yana sa matasa su fara sha. Idan haka abin yake ga sigari, me zai hana ya zama haka ga wiwi?

Game da fim ɗin Bob Male kuwa, yana da kyau matasanmu su san cewa da hannun iyalinsa aka shirya shi, kuma iyalin nan tun 2014 suka ba da sanarwar shiga kasuwancin wiwi da sunansa. Shi kansa mabiyin aƙidar Rasta ne, waɗanda suka ɗauki shan wiwi a matsayin ibada. Musulmin da zai kafa hujja da shi ya fara sanin daga wace rijiya yake ɗibar ruwa.

DARASIN DA KE KANMU MU MASU WA'AZI

Akwai wani fim da ya kamata duk mai wa'azi ya san labarinsa. A 1936 aka yi shi a Amurka domin tsoratar da iyaye, daga baya ya shahara da suna "Reefer Madness". An nuna a cikinsa cewa da zarar yaro ya zuƙi wiwi sai ya haukace, ya yi kisa, ya aikata kowace irin ta'asa. Da aka shiga shekarun 1970, sai masu fafutukar a halatta wiwi suka tono wannan fim, suka riƙa nuna shi a jami'o'i ɗalibai suna sheƙa dariya, kuɗin ƙofa kuma yana shiga asusun fafutukarsu. Makamin da aka ƙera don yaƙar wiwi shi ya koma yi mata talla.

Dalili kuwa shi ne an yi ƙari a kan gaskiya. Yaron da ka ce wa duk wanda ya sha wiwi sau ɗaya zai kama tsince-tsince a bola, gobe zai ga maƙwabcinsa mashayi yana tuƙa mota lafiya lau. Daga ranar ya daina yarda da kai, har a kan abin da ka faɗa na gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da don kare addini aka haƙa shi. Gaskiyar da ke hannunmu ta ishe mu.

HUJJOJINSU DA AMSARMU

Hujja ta farko, sun ce magani ce. Mun yarda cewa akwai sinadarin da ake cirowa daga wannan tsiro, wanda ba ya bugarwa, kuma a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani. Wannan magana ce ta likita da majinyaci, da awo da ƙa'ida, kuma malamai suna da bayani a kan lalura. Amma me ya haɗa wannan da saurayi mai ƙoshin lafiya da ke naɗa ganye a takarda a bayan kango? Ana ciro maganin kashe zafin ciwo a asibiti daga tsiron da ake yin hodar hiroyin da shi, ba mu kuwa ji mai hankali ya ce a sayar da hiroyin a shago ba.

Hujja ta biyu, sun ce ganye ne Allah Ya halitta. To ai zaƙami ma Allah ne Ya halicce shi, haka tunfafiya, haka inabin da ake matse giya daga gare shi. Sannan wiwin yau ba irin ta jiya ba ce. Sinadarin da ke bugarwa, wanda ake kira THC, bai wuce kashi 4 cikin ɗari ba a wiwin da ake kamawa a Amurka a 1995, amma zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12, saboda manoma sun yi ta aure tsakanin iri don ƙara mata ƙarfi. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga wani bincike da aka yi a garuruwan Turai da Barazil, wanda ya nuna cewa mai shan wiwi kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen haɗarin kamuwa da taɓin hankali, idan kuwa mai ƙarfin yake sha, ninkin ya kusa biyar.

Hujja ta uku, sun ce dokar hanawa zalunci ce. A nan wajibi ne mu yi adalci. Wani rahoto na 2013 ya nuna cewa a Amurka baƙar fata ya ninka farar fata kusan sau huɗu wajen kamu a kan wiwi, alhali shansu kusan ɗaya ne. Wannan zalunci ne, kuma Musulunci bai yarda da hukuncin da ke kama talaka ya ƙyale mai galihu ba. Amma maganin alƙali azzalumi shi ne a gyara alƙalanci. Ba a ƙone rumbu don ɓera.

Hujja ta huɗu, sun ce gwamnati za ta sami haraji. Allah (S.W.T.) Ya riga Ya amsa wannan a aya ta 219 ta Suratul Baƙara, inda Ya tabbatar cewa giya da caca suna da wani amfani ga mutane, sannan Ya bayyana cewa zunubinsu ya rinjayi amfanin. Ga kuma ƙasar Tailan ta zama izina: ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a watan Yuni na 2022, shaguna suka cika gari, sai ga shi a watan Yuni na 2025 ta dawo ta ce ba mai saye sai da takardar likita.

HUKUNCIN SHARI'A

Ya ku bayin Allah, halal da haram ba sa jiran ƙuri'ar majalisa. Giya halattacciya ce a dokar yawancin ƙasashen duniya, amma hakan bai taɓa goge aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (R.A.) hadisin da ya shigar da kowane abu mai sa maye cikin hukuncin giya. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Jabir (R.A.) hadisin da ya haramta ɗan kaɗan daga abin da mai yawansa ke bugarwa.

Wiwi ba baƙuwa ba ce ga malamanmu, da sunan hashisha suka san ta. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, ya yi fatawa cewa haramun ce, kuma mai shanta haddin mashayin giya ne a kansa. Imamul Ƙarafi na mazhabar Malikiyya, wanda ya rasu a 684, ya sanya ta cikin abubuwan da ke ɓata hankali, ya ce hukuncin mai shanta ladabtarwa ce gwargwadon ganin alƙali. Imamuz Zarkashi kuwa littafi guda ya wallafa a kan haramcinta. Ku lura da kyau, saɓaninsu a kan nau'in horo ne. A kan haramci bakinsu ɗaya, domin kare hankali yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don tsarewa, tare da addini da rai da nasaba da dukiya.

HALIN DA MUKE CIKI A GIDA

Kada wani ya zaci wannan gobara a gidan maƙwabci take. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Nijeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne ke shaye-shaye a ƙasar, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. A shekarar nan ta 2019 gwamnan jihar Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya yi kira da a ba da izinin noma ta don magani da kasuwanci. Ƙasar Lesoto ta fara ba da irin wannan izini a 2017, Maroko kuma ta kafa dokar da ta ba da damar hakan a 2021. Ashe ke nan muhawarar ta iso nahiyarmu.

Fim ɗin da a da sai yaro ya saci jiki ya tafi sinima kafin ya gan shi, yau yana cikin wayar da ke aljihunsa, wani lokaci ma an fassara masa shi da Hausa. Hukumar tace fina-finai da aka kafa a Kano a 2001 tana iya duba abin da aka shirya a gida, amma ba ta da iko a kan abin da ke saukowa ta intanet da tsakar dare. Tacewar da ta rage ita ce wadda aka dasa a zuciyar yaro.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Na farko, iyaye su san abin da 'ya'yansu ke kallo, su zauna da su su tambaye su me suka fahimta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, malamai da masu wa'azi su nemi sani a wurin likitoci kafin su hau mumbari, kada su faɗi abin da yaro zai ƙaryata da idonsa.

Na uku, masu shirya fina-finanmu da masu fassara na waje su ji tsoron Allah. Kyamara tana iya yin alheri: rahoton bidiyo da BBC ta fitar a 2018 a kan kodin shi ya sa gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin cikin 'yan kwanaki.

Na huɗu, kada mu yar da wanda ya riga ya faɗa. Imamul Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa ana yi masa haddi a kan giya, da wani ya tsine masa sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Mashayin unguwarmu ɗanmu ne. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa irin na Dawanau ko Barnawa ko Kware, a bar ɗaure shi da mari, idan ya dawo a koya masa sana'a, a matsa masa a sahu.

Na biyar, mu yi wa wakilanmu na majalisa magana tun kafin a kawo musu ƙudiri, su san matsayin waɗanda suka zaɓe su.

Muna roƙon Allah Ya tsare mana hankulanmu da na zuriyarmu, Ya shiryi waɗanda aka jarraba da shaye-shaye, Ya ba shugabanninmu ikon tsayawa a kan gaskiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan, muna neman gafarar Allah a kansa.