Makarantar Lauyoyi ta Mishigan da Rigimar Gurbin Karatu

A 1996 wata Baturiya mai suna Barbara Grutter ta nemi gurbi a makarantar koyon aikin lauya ta Jami'ar Mishigan da ke Amurka, ba ta samu ba. Ta garzaya kotu tana cewa an fifita baƙar fata da sauran 'yan tsiraru a kanta.

A 2003 Kotun Ƙoli ta ba makarantar gaskiya, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Hujjar Mai Shari'a Sandra Day O'Connor tana da nauyi: daga irin waɗannan azuzuwa ake yaye alƙalai, gwamnoni da 'yan majalisa, don haka dole kowane jinsi ya ga ƙofar a buɗe take. Ta yi hasashen bayan shekara 25 ba za a ƙara buƙatar wannan fifiko ba.

Ba a ma kai can ba.

A 2006 masu zaɓe a jihar Mishigan suka haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Jami'ar ta koma bin makarantun sakandare na unguwannin talakawa, tana ba da tallafin karatu, amma baƙar fata masu karatun digirin farko suka ragu daga kusan kashi 7 cikin 100 zuwa 4 a 2021. Abin takaici ne, domin daga cikinsu ake samun lauyoyin gobe.

A 2023 Kotun Ƙoli ta soke tsarin duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a faɗin ƙasar. A Maris ɗin 2025 kuma, bisa matsin lambar gwamnatin Trump, jami'ar ta rufe ofishinta mai kula da daidaito tsakanin jinsuna.