Jawabi kan soraye da azarar kakanninmu

Iyayenmu dattawan Gabi, da ƴan'uwa da kuka zo daga Maraɗi, Yamai, Kano da Abijan.

Mu da muka yi lakwal, an nuna mana hotunan tsofaffin gidajen Faransa masu ƙashin katako, irin na Alzas, waɗanda dokar 1913 ta hana a taɓa su sai da izinin hukuma. Mun yi ta yaba su, alhali a zauren kakanninmu muke kwana, ba mu taɓa ɗaga kai mun dubi rufinsa ba.

To, mu ɗaga kai yau. Abin da ke riƙe da soro azara ce. Giginya ake sarewa wadda ta manyanta, a tsaga ta, a yar da cikin mai taushi, a bar na baya mai ƙarfi wanda gara ba ta cika ci ba. Amma azara tana da iyaka: in tazarar ta kai wajen mita 2, sai ta soma lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Shi ya sa magini ke kafa guntayen azara cikin bango, ya ɗaure wata bisa wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a tsakiya, sannan ya lulluɓe su da laka. Wannan shi ne bakan gizo. Da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufa masallacin Juma'a na Zariya wajen 1840. Ba ƙusa, ba ƙarfe.

Ƙasarmu ma tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin gadon duniya, da hasumiyar masallacinsa mai mita 27 wadda itatuwa ke leƙowa daga jikinta. Sai dai kar mu ruɗi kanmu, ba wanda zai taso daga Yamai don zauren wani a Gabi.

Ƴan ci-rani, Allah ya saka muku da alheri, kuɗinku ne ke rufa mana asiri. Amma sau nawa aka aiko kuɗi, aka rushe soro mai lafiya, aka ɗora kwano, azarar kuma ta ƙare a murhu? Da bazara kuwa tsohon da aka yi domin shi ba ya iya zama ciki don zafi.

Ga roƙonmu. Bayan girbi, mu da yaran lakwal za mu bi gida-gida mu rubuta kowane zaure mai bakan gizo, da sunan wanda ya gina shi in dattawa sun tuna. Mai aiko kuɗin gini ya ware kaɗan don yaɓe da gyaran indararo kafin damina, domin ruwan da ya kwanta bisa rufi shi ke ruɓar da azara. Wanda kuma rushewa ta zama masa dole, ya sanar da ƙungiya tukuna, mu zo mu kwashe azarar mu ajiye.