Tan Dun: Ɗan Ƙauyen Da Ya Haɗa Kiɗan Sin Da Na Turai

Jawabin da aka gabatar a zaman ilmantarwa na ƙungiya, aka rubuto shi domin waɗanda ba su sami halarta ba.



Batun da aka ɗora mana yau shi ne tarihin wani makaɗi na ƙasar Sin mai suna Tan Dun. Da muka ce makaɗi, kada hankalinku ya tafi ga mai rataye da kalangu a gidan biki. Shi aikinsa tsara kiɗa ne, watau ya zauna ya rubuta a takarda abin da kowane makaɗi zai kaɗa, ko da sun kai mutum ɗari, sa'an nan ya tsaya gabansu yana ja musu gora. Abin da ya fito da sunansa a duniya kuwa shi ne haɗa kayan kiɗan ƙasarsu da na Turawa wuri guda. Wasu sun yaba, wasu sun ce ya ɓata biyu bai gyara ɗaya ba. To, bari mu bi labarin daki-daki, kowa ya auna da kansa.

An haifi Tan Dun a shekarar 1957 a lardin Hunan, kuma a ƙauye ya tashi, a hannun kakarsa. Kiɗan da ya fara shiga kunnensa shi ne na bukukuwan gargajiya da na jana'iza, inda ake haɗawa da ƙarar duwatsu da ruwa. Yana ɗan shekara tara shugaba Mao ya ƙaddamar da abin da suka kira Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976. A zamanin nan an rufe manyan makarantu, an hana kiɗan Turawa, an kwashe samari an tura su ƙauyuka noma. Shi ma haka aka yi masa, ya yi shekara biyu yana dashen shinkafa a gandun gwamnati. A can ne ya riƙa tattara waƙoƙin manoma, yana haɗa mutanen ƙauye su yi kiɗa da duk abin da hannu ya kai, har da tukwane.

Hausawa suka ce faɗuwar wani tashin wani. Wani jirgin ruwa ya kife da 'yan wata ƙungiyar wasan kwaikwayon gargajiya, makaɗansu da dama suka rasu, sai aka nemo wannan saurayi mai goge domin ya cike gurbi. Ta nan ya fita daga gona. A 1978 ya shiga Babbar Makarantar Kiɗa ta birnin Beijin, cikin rukunin farko da aka ɗauka bayan an sake buɗe ta, kuma a nan ya zauna ya koyi ilmin kiɗan Turai tun daga tushe. A 1983 wani aikinsa mai suna Feng Ya Song, wanda ya tsara wa gogen Turawa guda huɗu, ya ci lambar yabo a birnin Dresden na Jamus. Amma a wannan shekara ɗin dai hukumomin ƙasarsa suka tasar wa abin da suka kira gurɓatar tunani, har aka hana watsa kiɗansa na ɗan lokaci, wai ya faye bin Turawa. Ku riƙe wannan, domin nan gaba za mu ji an zarge shi da kishiyarsa.

A 1986 ya tafi birnin Niyok na Amurka, ya shiga Jami'ar Kolambiya a hannun wani malami ɗan asalin Sin mai suna Chou Wen-chung, ya sami digirin dakta a 1993. Farkon zuwansa sai da ya riƙa kaɗa goge a bakin titi domin ya sami na sa wa a bakin salati. Duk wanda ya taɓa sauka a garin da ba nasa ba da 'yar jakarsa a hannu ya san irin wannan zama, ba sai mun tsawaita ba.

To, mene ne wahalar haɗa kayan kiɗan nan biyu? Da fari dai akwai maganar murya. Kiɗan Turawa an gina shi ne a kan matakai goma sha biyu waɗanda aka auna aka tsayar, kamar matakalar bene, kowace ƙafa da inda za ta sauka. Kiɗan gargajiyar Sin kuwa galibi a kan matakai biyar yake, kuma daɗinsa yana cikin yadda makaɗi ke zamewa daga wannan murya zuwa waccan. Harshensu ma haka yake, domin hawa da saukar murya na canza ma'anar kalma, kamar dai yadda yake a Hausa. Suna da goge mai tsirkiya biyu da suke kira erhu, wanda in ana kaɗa shi ka ce mutum ne ke magana cikin kuka. Suna kuma da pipa, mai tsirkiya huɗu, ana kaɗa ta da yatsu, ta ɗan yi kama da babban molo. Abu na biyu shi ne ƙarfi. In ka ajiye pipa guda a gaban makaɗa tamanin masu ƙahonni da ganguna, ai sai su shanye ta. Wani gwani ɗan Japan, Toru Takemitsu, ya gwada irin wannan tun 1967 a aikinsa November Steps, inda ya fi barin kowane ɓangare ya yi nasa, ɗaya na saurare.

Shi Tan Dun hanyoyi biyu ya bi. Ta farko, ya sa kayan Turawa su koyi lafazin Sin. Wanda ya ga fim ɗin Crouching Tiger, Hidden Dragon na shekarar 2000 ya ji yadda Yo-Yo Ma ke jan babban gogen Turawa da ake kira celo, yana zamewa tamkar erhu. Wannan kiɗa ne ya ciyo masa lambar Oska a 2001. Hanya ta biyu, ya kawo abubuwan da babu ƙasar da za ta ce ita ta mallake su, watau ruwa da dutse da takarda. A 1994 ya tsara Ghost Opera domin makaɗan Kronos su huɗu da wata gwanar pipa mai suna Wu Man, ya haɗa musu da waɗannan abubuwa. Daga baya ya yi wani aiki sukutum a kan ruwa, inda makaɗi ke tsayawa gaban manyan tasoshi yana mari da ɗiba da tsiyaya, har da kifa akushi a kan ruwa ana bugawa. Iyayenmu mata da suka san kiɗan ƙwarya a kan ruwa ba za su yi mamakin wannan ba ko kaɗan.

Har ila yau, a 1997 da Ingila ta mayar wa Sin yankin Hongkong, shi ya tsara babban kiɗan bikin. Ya yi amfani da kwafin wasu ƙararrawa na tagulla guda 65 waɗanda aka tono a 1978 daga kabarin wani basarake a lardin Hubei, sun yi shekara sama da 2,400 a binne. Abin mamaki, kowace ƙararrawa murya biyu take bayarwa, gwargwadon inda aka doke ta.

Amma fa tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba. Mutumin da aka ce ya faye bin Turawa, sai ga shi wasu na cewa yanzu yana tallar al'adun Sin ne ga Turawa, kamar mai sayar da kayan tarihi ga 'yan yawon buɗe ido. A 2001, a wani shirin talabijin a Beijin, wani dattijon shugaban makaɗa mai suna Bian Zushan ya soki kiɗansa na ruwa a gaban idonsa, shi kuwa ya tashi ya fice daga ɗakin. A 2006 babban gidan wasan Metropolitan na Niyok ya nuna aikinsa The First Emperor, tare da mashahurin mawaƙin nan Placido Domingo, masu sharhi da yawa suka ce ya yi tsawo kuma haɗin bai zauna ba. Sai ya koma ya rage shi, aka sake nunawa a 2008.

Abin da ya fi tsaya mana a rai cikin tarihinsa shi ne labarin wani tsoho. A 1981, yana ɗalibi, ya gamu da wani dattijo a ƙauyen Hunan wanda ya iya kiɗa da duwatsu zalla. Ya ƙudurta zai dawo ya koya. Da ya koma bayan kusan shekara ashirin, sai ya tarar tsohon ya rasu, ya tafi da saninsa. Wannan ya sa ya ɗauki na'urar ɗaukar hoto ya shiga ƙauyuka yana naɗar makaɗa da mawaƙan da suka rage. Daga nan ya tsara The Map, wanda aka fara kaɗawa a Boston a 2003, inda mai celo ke amsa wa 'yar ƙauye da ake nunawa a majigi tana waƙa. A ƙarshen shekarar ya kai wannan aiki garin Fenghuang na Hunan, aka kaɗa shi a fili domin masu abin su gani da idonsu. A 2013 kuma ya yi irin wannan da Nu Shu, wani rubutu da waƙoƙi na mata zalla a gundumar Jiangyong, waɗanda suka kusa ɓacewa. A shekarar nan ce hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadanta, a 2019 kuma aka ba shi shugabancin makarantar kiɗa ta Kwalejin Bard a Amurka.

Jama'a, masu sukarsa suna da hujja, domin waƙar da aka ɗauke daga bakin rafi aka kai babban zaure ba za ta zama daidai da yadda take a gida ba. Masu goyon bayansa su ma suna da tasu, domin da bai naɗa ba, da wasu muryoyin sun bi tsohon mai duwatsu. Mu dai abin da muka lura shi ne, bai taɓa haɗa abin da bai sani ba. Sai da ya iya gogen ƙauyensu, ya kuma yi shekaru yana karatun kiɗan Turai, kafin ya zaunar da su tabarma ɗaya. Samarinmu masu sha'awar wannan sana'a sai su duba wannan da kyau, kuma wanda ke da tsoho mai wani sani a gida, kada ya ce sai baɗi.

A nan za mu dakata domin a ba masu tambaya dama.