Daga Gandu Zuwa Ɗakin Haya: Wa Ke Ɗauke da Nauyin Iyali?

 

An nemi in yi magana a kan aure da tarbiyyar 'ya'ya da irin matsin da iyali suke ciki a yau. Fagen nan yana da faɗi, saboda haka zan tsaya a kan tambaya ɗaya tak: wa ke ɗaukar nauyin aure a da, wa kuma ke ɗaukarsa yanzu?

Bari mu fara da jiya. Masu binciken da suka zauna cikin Hausawa, irin su M. G. Smith a ƙasar Zazzau, da matarsa Mary Smith wadda ta fitar da labarin Baba ta Karo a 1954, da Polly Hill wadda littafinta a kan Ɓatagarawa ya fito a 1972, duk sun tarad da tsarin gandu. A cikin gandu uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gona ɗaya, ana ci daga rumbu ɗaya. Maigida shi ke biyan haraji, shi ke yi wa yaro auren fari, sa'an nan ya ba shi gayauna ya nemi na kansa. Watau saurayi ba ya shiga aure shi kaɗai, gida ne ke shiga da shi.

Haka abin yake a wajen mata. Yarinya mai cikin fari takan koma gaban iyayenta goyon ciki, a can za ta haihu, a yi mata wankan jego, a dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Idan lokacin yaye ya yi, wajen kaka ake kai yaro. Kunyar ɗan fari ma, wadda wasu ke ɗauka al'ada ce ta banza, tana da aiki: ita ke miƙa yaro hannun kakanni ko goggo, ya tashi da iyaye fiye da biyu. In kuwa saɓani ya auku, mace ta yi yaji, miji ya je biko, manya su zauna su sasanta. Ba ina cewa zamanin nan ba shi da aibu ba ne. Auren dole da danne hakkin mata suna cikinsa. Abin da nake nufi shi ne, jinkar tana da hannuwa da yawa.

To, me ya faru? Fari na 1973, da kuɗin man fetur na shekarun 1970, da shirin ilmin firamare kyauta na 1976, da aikin albashi, duk sun janye matasa daga gona zuwa birni. Yau sai ka ga ango da amarya a ɗaki da falo na haya a bayan garin Kano ko Kaduna, babu kaka, babu goggo, maƙwabci ma ba a san asalinsa ba. Haya, da kuɗin makaranta, da magani, da cefane, duk a wuyan mutum biyu, sau da yawa ma mutum ɗaya. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka ƙara nauyi. Miji ya fita da asuba ya komo bayan isha'i, matar ita ma tana aiki ko sana'a, yaro kuwa wayar hannu ta maye masa gurbin mai tatsuniya.

Abin mamaki, mun yar da masu taimako amma mun riƙe kayan, har mun ƙara musu nauyi. Lefe da kayan ɗaki da gara sun zama gasa. Uba ya ci bashi ya aurar, ango ya ci bashi ya aura, sai a fara zama da bashi kafin a fara da fahimtar juna.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. A 2012 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta soma auren zawarawa, a 2023 kuma aka ɗaura wa mutum 1,800 aure da matansu. Wannan abin yabo ne, sai dai yana warware matsalar ranar biki ne. Matsalar da ta fi girma tana farawa ran da 'yan biki suka watse.

Gandu ba zai dawo ba, amma aikin da yake yi bai ƙare ba. Shawarata ita ce, iyaye su rage abin da suke kashewa a biki, su mai da shi jari ga ma'auratan. Waliyyai kada aikinsu ya tsaya ga karɓar sadaki. Su zama wurin kai kuka tun kafin a kai ga alƙali. Magidanci kuma ya sani cefane ba shi ne tarbiyya ba, sai ya zauna da 'ya'yansa, ya riƙa kai su wajen kakanninsu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

 Allah ya albarkaci zuriyarmu, amin.